Wa Kake Yi Wa Kiɗan?

Wasiƙar ƙarshe da mahaifina ya aiko mini ba ta cika layi goma ba. Da ajami ya rubuta ta kamar kullum, a kan shuɗiyar takardar nan ta jirgin sama wadda ake naɗewa a liƙe ta zama ambulan ɗin kanta. Bayan sallama da gaisuwa da labarin cewa dawa ta yi kyau bana, sai ya ce: "An gaya mini ka bar karatu kana kiɗa a ƙasar Turawa. Ban yi fushi ba tukuna, sai na ji daga bakinka. Abu ɗaya nake so ka faɗa mini: wa kake yi wa kiɗan?"

Watan Nuwamba ne na 1980. Ina da shekara 24, ina kwana a kan katifa a ƙasa cikin wani tsohon gida a gabashin Landan, jitata jingine da bango daidai kaina. Har Allah ya karɓi ransa ban ba shi amsa ba.

A cikin birnin Zariya aka haife ni a 1956. Baba magatakarda ne a kotun alƙali, mutum mai tsadar magana, wanda in ya yi gyaran murya a zaure gida gaba ɗaya yakan natsu. Ba ya ƙyamar makaɗa. Ranar hawan Sallah, in masu tambari da algaita suka biyo, yakan tsaya ya saurara har su wuce. Amma a wurinsa kowa da gadonsa, kuma kowane kiɗa da mai shi: na sarki daban, na mahauta daban, na maharba da na 'yan dambe da na manoma daban. Ina ɗan shekara 12 na ji Ɗan Maraya Jos a rediyon Kaduna, tsirkiya ɗaya tal amma kamar tana magana, sai abin ya hana ni barci. Na samo gwangwanin kifi, na roƙi guntun fata wurin dukawa, na zare waya daga birkin wani tsohon keke, na haɗa kuntigina. Baba ya same ni da shi a bayan soro. Bai doke ni ba. Ya karɓa ya jujjuya, ya duba yadda na ɗaure wayar, ya ce, "Hannunka yana da kyau." Sannan ya kwance wayar, ya miƙo mini gwangwanin, ya ce, "Mu ba mu gaji roƙo ba. Ka kai hannun nan inda zai amfane ka."

Hannun ne ya kai ni Ingila. A Satumbar 1976, wata bakwai bayan kisan Murtala, lokacin kuɗin mai ya zauna a ƙasa kuma gwamnatocin jihohi na tura ɗalibai waje, na samu gurbin karatun injiniyan lantarki a wata kwalejin fasaha a Landan. Na kama ɗaki kusa da Whitechapel a gidan wani dattijo ɗan Bangladesh, mutumin Sylhet. Masallacinmu na Brick Lane a shekarar aka buɗe shi, a wani tsohon gini da ya taɓa zama coci ya kuma taɓa zama wurin ibadar Yahudawa. Can nake Juma'a, ni kaɗai baƙin Afirka a sahun da nake tsayawa, kuma sun riƙe ni da mutunci.

Abin da ba wanda ya gaya mini kafin in taso shi ne tsoro. Kowace Lahadi 'yan National Front, masu cewa a kwashe baƙaƙe da 'yan Asiya a mayar da su inda suka fito, sukan kafa tuta a bakin Brick Lane suna sayar da jaridarsu. Da dare yaransu, masu askin ƙwal-kwabo da manyan takalma, su bi layi-layi suna fasa tagogi. Wata rana cikin hunturun farko ina jiran bas, uku daga cikinsu suka zagaye ni. Ɗaya ya tofa mini miyau a kwat, ɗaya ya fasa kwalba a jikin ƙarfen tashar ya nuna ni da ita. Mutane na tsaye a wurin, kowa ya kau da kai. Na ruga a guje, littattafaina suka zube a ruwa, ban waiwaya ba. Daga ranar na koma tafiya a gefen bango, kaina a ƙasa kamar marar gaskiya. In na rubuta wa Baba sai in ce lafiya lau, sai sanyi.

A benen sama da ni akwai wani saurayi Bature, iyayensa 'yan Ireland, ba shi da aiki sai ɗan kuɗin da gwamnati ke ba marasa aikin yi, waɗanda a lokacin sun haura miliyan ɗaya. Wani dare a farkon 1977 ya ƙwanƙwasa mini ƙofa rungume da wata tsohuwar amfilifaya, ya ce ya ji ni ɗalibin lantarki ne. Irin ta da ce mai kwalaben wuta a ciki. Na buɗe bayanta na shinshina, na ga resista ɗaya ta ƙone baƙi ƙirin, kondensa kuma ta kumbura. Kwana biyu na canza su na narka dalma na liƙe. Da za mu gwada, sai ya rataya mini jitarsa a wuya, ya kama yatsuna biyu ya ɗora a kan tsirkiyoyi masu kauri, ya murɗa sauti har ƙarshe, ya ce in buga.

Na buga. Gilashin taga ya yi rawa, ƙarar ta bi ta tafin ƙafata ta hau ƙirjina, tsigar jikina ta tashi. Wata biyar ina magana ƙasa-ƙasa a garin nan, ina ba da haƙuri ga wanda ya taka ni, sai ga shi hannuna ya fitar da abin da layin gaba ɗaya ya ji. Na sake bugawa. Sai da maigidan ya hawo da fitila a hannu muka daina.

Kiɗan pank ke nan, kuma a lokacin yake tashe. Kalmar kanta zagi ce, kamar ka ce ɗan iska ko tantiri, su kuwa suka ɗauka suka rataya. Ranar 1 ga Disamba 1976 'yan ƙungiyar pank ta Sex Pistols sun yi ashar a talabijin kai tsaye da yamma, jaridu suka yi ta kururuwa, aka soke yawancin wasanninsu na wannan watan, abin da ya ƙara ja musu matasa. Manyan makaɗan rock na zamanin sun zama attajirai, suna cika filayen ƙwallo, mutum ɗaya ya yi minti ashirin yana nuna gwanintar yatsa. Yaran pank suka ce ba sa bukata. Waƙa minti biyu, kamu uku a wuyan jita, ka faɗi abin da ke cinka ka sauka. Maƙwabcina ya nuna mini wani shafi na wata 'yar mujalla da aka rubuta da hannu: zanen kamu uku, a ƙasa an ce to je ka kafa ƙungiya. Ni da na fara da tsirkiya ɗaya, uku ma ai yalwa ce.

Abin da ya fi kama ni sai daga baya na gane shi. A gida na san makaɗi yana wasa ubangidansa, ya yi wa abokin adawarsa zambo, a yi masa kari. Wannan kuwa zambo ne zalla, ba ubangida. Suna yi wa sarauniya, suna yi wa 'yan sanda, suna yi wa masu gidajen haya da masu kamfanonin faifai, ba sa jiran kowa ya liƙa musu kwabo a goshi. Da ya kai ni Roxy, wani ɗan ƙaramin kulob a ƙarƙashin ƙasa a Covent Garden, na tarar mai sa faifai tsakanin wasanni baƙi ne, Don Letts, ɗan asalin Jamaika. Faifan pank ba su da yawa tukuna, sai yake cike gurbin da kiɗan rege mai nauyi, yaran Turawa masu yagaggun riguna da fil a kunne suna rausaya. Tun zuwana ban taɓa shiga taron Turawa na ji kafaɗuna sun sauka ba sai daren nan.

Cikin kuɗin littattafai na zare fam 35 na sayi jita ta hannu, ƙirar Japan, an kwaikwayi wata ta Amurka mai tsada. Wannan ce amanar farko da na ci.

Mu huɗu ne. Maƙwabcina ke waƙa. Mai ganguna ɗan lebura ne na tashar jiragen ruwa, ubansa na cikin waɗanda aikinsu ke mutuwa saboda tashoshin gabashin Landan ana rufe su ɗaya bayan ɗaya. Mai jitar bes yarinya ce, uwa Baturiya uba ɗan Jamaika, kuma duk ta fi mu kunne. Muna haya wani rami a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa muna gwaji, bango na tsatsafo da ruwa, numfashinmu na hayaƙi don sanyi. Salon bugun shi ne ƙasa-ƙasa kawai, ba a dawowa sama, irin na Johnny Ramone, makaɗin jitar ƙungiyar Ramones ta Amurka, da sauri kamar sussukar gero, har gaɓar hannu ta ɗau zafi ta sage. Ɗan robar da ake kaɗa tsirkiya da shi yakan suɓuce, sai in ci gaba da farce, in an gama in ga jini ya fantsama a farar fuskar jitar. Wata uku kan yatsuna na hagu suka yi kanta, har allura ba ta shiga.

Wasanmu na farko a ɗakin bayan wata mashaya muka yi shi, cikin kakar 1977. Mutane ba su fi arba'in ba. Waƙa 11 cikin minti 25. Muna farawa suka hau tsalle sama suna faɗowa kan juna, wanda ita ce rawarsu, sai na ji wani abu mai ɗumi a kumatuna. Miyau ne. Na ɗaga kai na ga yana zuwa kamar yayyafi. Na saki jitar na dunƙule hannu, don abin da na gani a lokacin tashar bas ce. Mawaƙinmu ya riƙe ni yana ihu a kunnena cewa so ne, haka suke nuna sun ji daɗi. Na ji maganarsa, amma har na bar kiɗa zuciyata ba ta taɓa karɓar wannan ɗabi'a ba. Ɗan gidan da ake cewa ko almajiri ba a miƙa masa abu da hagu, ba zai saba da tofi a fuska ba. Dabarar da na yi ita ce na ja baya, na riƙa tsayawa can ƙurya jikin lasifikata inda tofin ba ya kaiwa, kunnena na hagu kusan manne da ita. Shekara huɗu a nan nake tsayawa. Ban san abin da nake saye da wannan tsayuwar ba.

Giya ban taɓa sha ba, kuma na gode wa Allah. Amma ba zan wanke kaina ba. Salla ta fara da haɗawa, ta koma ramuwa, ta koma sai Juma'a. Na sha ƙwayoyin hana barci lokacin da muka fara tafiye-tafiye. In na shiga masallaci dattawan Sylhet su kalli gashina da kwat ɗin fatar da na saka, su amsa sallama, ba su ce komai ba. Shirunsu irin na Baba ne.

Duk wanda ya tambaye ni ko akwai ranar da na tabbata ba a banza nake ba, ranar 30 ga Afrilu 1978 nake gaya masa. Tun a Agustan 1976 Eric Clapton, makaɗin jitar da duk abin da ya iya daga kiɗan baƙaƙen Amurka ya koyo shi, ya tsaya a dandamali a Birmingham ya goyi bayan Enoch Powell, ɗan siyasar da ya yi suna wajen adawa da shigowar baƙin haure da 'yan ƙasashen waje, ya yi kalaman korar baƙi. Wasu suka rubuta wa jaridun kiɗa wasiƙar martani, daga nan aka kafa Rock Against Racism, ƙungiya mai yaƙi da wariyar launin fata ta hanyar kiɗa. Tsarinsu mai sauƙi ne: duk wasan da suka shirya sai an haɗa ƙungiyar baƙaƙe da ta Turawa a dandamali ɗaya. A ranar da nake faɗa, su da Anti-Nazi League, wata ƙungiya mai adawa da National Front, suka kira gangami. Muka taso daga Trafalgar Square a ƙafa, kusan mil shida, zuwa Victoria Park, ta tsakiyar unguwannin da nake bin gefen bango a cikinsu. Manyan motoci ɗauke da makaɗa suna tafe cikinmu. Mun wuce ƙofar wata mashaya inda masu ƙwal-kwabo suka fito suna zagi, sai suka ga jerin ba shi da ƙarshe, awa guda ana wucewa, bakinsu ya mutu. Na kalli ɗayansu ido cikin ido. Shi ya fara sunkuyar da kai.

A filin, dubun-dubatar mutane, iya ganinka. X-Ray Spex suka hau, mawaƙiyarsu Poly Styrene, wadda mahaifinta ɗan Somaliya ne, ƙaramar yarinya da murya kamar jiniya. Steel Pulse na Birmingham suka yi rege. Ga kuma ƙungiyar The Clash. Idona a kan hannun mawaƙinsu Joe Strummer yake tun daga farko har ƙarshe. Bahago ne amma da dama yake kaɗawa, shi ya sa bai damu da ƙwalisar yatsa ba, duka kawai yake kai wa tsohuwar baƙar jitarsa ƙirar Telecaster, ƙafarsa na dukan ƙasa kamar mai kirɓa sakwara. Ba gwani ba ne yadda masana ke nufi da gwani. Amma duk bugu ɗaya ka san da gaske yake. Na koma gida muryata a dushe, na ce a raina an gama, mun yi nasara.

Kwana huɗu bayan nan, ranar 4 ga Mayu, daren zaɓen ƙananan hukumomi, wasu samari uku suka tare Altab Ali, matashi ɗan Bangladesh mai aikin ɗinki, yana komawa gida daga aiki, suka daɓa masa wuƙa kusa da Whitechapel Road. Tafiyar minti kaɗan ce daga ɗakina. Ban san shi ba, amma hanyar da ya bi ita nake bi. Maigidana ya zauna a matakala ya rufe fuska da hannu, tsoho mai furfura yana kuka kamar yaro. Ranar 14 ga wata muka bi bayan akwatin gawarsa, mutum wajen 7,000, ana ruwa, har Hyde Park da Downing Street, inda ofishin Firayim Minista yake. Babu kiɗa a wannan tafiyar. Kabbara ce da takun ƙafa cikin ruwa. Na tsaya tsakanin dattawan masallaci, mai jitar bes ɗinmu na gefe ta yafa gyale, na rasa inda zan sa abin da na ji a Victoria Park. A bazarar nan samarin Bangladesh da kansu suka fara fitowa kowace Lahadi da asuba suna mamaye kusurwar da National Front ke kafa tuta, mu ma muna zuwa mu tsaya tare da su. Yau filin da ke kusa da inda ya faɗi sunansa yake ɗauke da shi, tun 1998.

Daga nan muka shiga hanya sosai. Wata tsohuwar motar kaya muka saya, ni ne direba ni ne makanike. Leeds, Bradford, Coventry, Manchester, ɗakunan taron ɗalibai, kulob ɗin ma'aikata, wasannin tara kuɗi don waɗanda aka kama a zanga-zanga. In an ba mu fam 30 mun yi sa'a, rabi ya tafi a mai, sauran mu sayi dankali soyayye mu kwana cikin mota a kan lasifikoki. A 1979 muka tara kuɗi muka buga ƙaramin faifai, waƙa uku, guda 500. Da hannu muka yanka kwalayen muka liƙe, muka kai wasu shagon Rough Trade da ke yammacin Landan, inda ake karɓar faifan yara irinmu, sauran muka riƙa sayarwa a bakin ƙofa bayan wasa. Ba mu yi suna ba. Ba na jin akwai wanda ke tuna mu yau in ba mu ba.

A wani gari a arewacin Ingila, cikin wannan shekarar, masu ƙwal-kwabo wajen ashirin suka shigo tsakiyar wasa suna ɗaga hannu irin na Hitler, suna kukan biri suna nuna ni da yarinyar. Kujeru suka fara tashi. Ɗaya ya hawo dandamali da ƙafar tebur, na kare fuskata da jitar, dukan ya sauka a gefenta ya ɓare katakon. Abin da ba na mantawa, yarinyar nan ba ta daina bugawa ba. Jini na zuba daga girarta, ta kafa ƙafa tana ci gaba, mai ganguna ya bi ta, ni ma na koma na kama. Yaran garin da suka zo kallo suka haɗu suka tura su waje. Mun ƙarasa waƙoƙinmu duka. Tabon yana jikin jitar har yanzu, yatsa biyu ke shiga.

Karatu kuwa tuni ya zube. Na faɗi jarrabawar 1978, aka ba ni dama na maimaita, na sake faɗuwa don ko aji ba na shiga. Laifina ne, ba na kowa ba. Aka cire sunana, kuɗin gwamnati ya tsaya, na bar ɗakin dattijon na koma wani gida da masu shi suka yasar, ina wanke kwanuka a gidan abinci da rana, ina gyara wa makaɗa amfilifaya. Amma duk ƙarshen wata sai in sayi shuɗiyar takarda in zauna in rubuta: Baba, karatu na tafiya daidai, a ci gaba da addu'a. Wata 18 ina wannan ƙaryar. Shi kuma yana amsawa da cewa an yi mini saukar Alƙur'ani, Inna ta yi sadakar waina.

Wani ɗalibi ɗan garinmu da ya koma hutu shi ya kai labari. Ban riƙe shi a rai ba, gaskiya ya faɗa. Sai ga wasiƙar nan.

Da zagi ya yi, da na san yadda zan yi, in yi kuka in nemi gafara. Tambaya ya yi, kuma tambayar mutumin da ya yi shekara talatin yana rubuta shari'a ce, ba ta da ƙofar fita. Na fara amsa ya fi sau goma ina yagawa. Na rubuta cewa ba kowa nake yi wa ba, sai na tuna a wurinsa makaɗin da ba shi da ubangida ba 'yantacce ba ne, ɓatacce ne. Na rubuta cewa talakawa nake yi wa, waɗanda ake zalunta, sai na ji muryarsa yana tambaya wane ne a cikinsu ya aike ka. Na rubuta labarin Altab Ali shafi biyu, na karanta, na ga ina jingina da gawar bawan Allah da bai taɓa jin kiɗana ba, kuma dattawan da suka ɗauki makararsa ko sau ɗaya ba su taɓa taka inda muke wasa ba, ba kuma za su so ba. Akwai gaskiya a ciki, na tsaya inda ya kamata a tsaya, kuma ban ji kunyar wannan ba har gobe. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta: ina yi wa yaron nan da ya zubar da littattafansa a tashar bas, kuma ina son ƙarar don kanta, tun daga gwangwanin kifi. Wannan ce ban iya rubuta wa Baba ba. Na ce bari sai na sami kalmomin da suka dace. Mako shida ina jira. A Janairun 1981 waya ta zo daga Yaya, kalma biyar: Baba ya rasu, an binne.

Na yi wasa a daren da ya biyo baya saboda an riga an sa mu a takarda. Ban tuna komai a cikinsa ba.

Ƙungiyar ba ta watse da faɗa ba. Yayi ya juya, masu zuwa kallo suka ragu, mai ganguna ya yi aure ya kama tuƙin bas, yarinyar ta shiga karatun jinya. Ni kuma kunnena na hagu ya fara wani ƙugi da ba ya tsayawa ko cikin barci. A 1982 na tattara na dawo, ba takardar shaida, sai akwati ɗaya da jita. Yaya ya tarye ni a filin jirgin Kano, ya kalli doguwar jakar, bai tambaya ba, har muka isa Zariya maganarmu ba ta wuce gaisuwa ba. Inna ta rungume kaina ta yi kuka. Bayan kwana uku, tana tsince shinkafa a faifai ba ta dube ni ba, ta ce, "Har ranar Larabar da zai kwanta, sai da ya aiki yaro gidan waya ya duba akwati." Ba ta ƙara ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba har ta bi shi.

Na buɗe ɗan shago a Sabon Gari ina gyaran rediyo da amfilifaya. Hannun dai bai ci amanata ba, da shi na yi aure, na aurar, na sauke farali. Masu wa'azi, masu biki, 'yan siyasa lokacin kamfe, da makaɗan kalangu da na gurmi da suka koma amfani da lasifika, duk nan suke kawo kayansu, kuma ba na bari makaɗi ya tsaya a rana yana jira. Likita ya duba ni ya ce jijiyar kunnen hagu ta mutu, ba magani, ƙugin kuma zan tafi da shi kabari. In na ga yaro ya manna kai da lasifika a wurin biki nakan je in janye shi da hannuna, ko ban san ɗan wa ba ne.

A ƙarshen Disambar 2002 ina sauraron BBC a shago na ji Joe Strummer ya rasu ranar 22 ga wata, ciwon zuciya, yana da shekara 50. Makonni kaɗan kafin nan ya yi wasa a Acton don tallafa wa 'yan kwana-kwana masu yajin aiki, har tsohon abokinsa na The Clash, Mick Jones, ya hawo suka yi tare bayan kusan shekara ashirin da rabuwa. Na rufe shago tun kafin la'asar. A gida na jawo jakar daga ƙarƙashin gado. Tsirkiyoyin sun yi tsatsa, kantar yatsuna ta daɗe da gogewa, kamu ɗaya na yi wayar ta yanke ni. Wasiƙar Baba tana nan a ɗan aljihun da ake ajiye tsirkiya, inda na sa ta tun a Landan. Na karanta ta, na mayar.

Masallacin unguwarmu na cikin birni, inda Baba ya yi salla a sahun farko har ƙarshen ransa, ni ke kula da na'urarsa tun 1983, kuma ban taɓa karɓar ko sisi ba. Makon jiya ladan ya aiko da ita, wai tana gurnani in ya kira asuba. Na canza kondensa biyu, na gyara wayar ƙasa, na kunna. A wurina shiru take, amma na daina yarda da kaina a wannan, don ba na iya raba ƙugin na'ura da nawa. Na kira yaron shagona na ce ya kawo kunnensa. Ya durƙusa ya saurara, ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce, "Baba, da saura kaɗan."

Na ce ya miƙo mini sukundireba.